Ina zan sami waɗanda suka bar giya in zauna da su?

Assalamu alaikum Malam. Don Allah a sakaya sunana. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Kaduna, shekaruna 39, ina da mata da 'ya'ya huɗu. Na fara shan giya tun ina bautar ƙasa, yau shekara 13 ke nan, kuma a iya sanina babu wanda ya sani a gidanmu. A mashayar bariki nake sha, in tauna kanumfari kafin in shiga gida. Sau uku ina rantsuwa da Alƙur'ani ina karyawa. Na sha rubutu, na yi kaffara. Kowane azumi nakan daina, amma ba na cika sati bayan salla. A azumin bana, kwana na biyu jikina ya yi ta karkarwa, ga gumi ga amai, na ce wa maiɗakina zazzaɓi ne. Yanzu in ban ɗan kurɓa da safe ba, hannuna ba ya riƙe biro. Na ji an ce a ƙasashen waje waɗanda suka bar giya suna da taron da suke haɗuwa suna ƙarfafa juna. Akwai irinsa a nan? Ta ina zan neme shi ba tare da na tona wa kaina asiri ba? Kuma wani ya ce mini abin 'yan coci ne. Na gaji, Malam.

Mai neman mafita, Kaduna

Wa alaikumus salam, ƙanena. Taron da ka ji labari akwai shi, kuma zan nuna maka ƙofofin da ake bi a same shi. Amma abu biyu a wasiƙarka sun hana ni wucewa: karkarwar kwana na biyu na azumi, da hannun da ba ya riƙe biro. Kai ma ka san ba zazzaɓi ba ne.

Giya danne ƙwaƙwalwa take yi. Ka ɗauka mota ce da aka taka wa birki shekara da shekaru, ita kuma ƙwaƙwalwa, don tafiya ta yiwu, sai ta riƙa ƙara taka totur. Ranar da aka ɗage birkin farat ɗaya, totur ɗin yana nan a take. Shi ya sa wanda jikinsa ya saba yakan fara rawar jiki, gumi, tashin zuciya da rashin barci cikin awa 6 zuwa 24 da kurɓar ƙarshe. Wasu su faɗi suna shure-shure kamar masu farfaɗiya a cikin kwana biyun farko. Wasu kuma tsakanin kwana na biyu da na huɗu su rikice gaba ɗaya, su riƙa ganin ƙwari a bango ko jin muryoyi, zuciya tana dukan uku-uku. A gidajenmu nan take ake cewa aljanu ne, a kira mai ruƙiyya, alhali wannan rikicewar tana kisa in ba a kai mutum asibiti ba. Kuma duk sanda aka daina aka koma, dainawa ta gaba takan zo da wahalar da ta fi ta baya. Azumin bana gargaɗi ya yi maka.

Saboda haka kada ka kulle kanka a ɗaki ka ce yau za ka yanke da ƙarfin zuciya. Ban ce ka ci gaba da sha ba, cewa na yi ka ga likita cikin makon nan, ka faɗa masa gaskiyar abin da kake sha a rana, ba rabinsa ba. Akwai magungunan da ake sauko da mutum da su a hankali cikin 'yan kwanaki, a haɗa masa da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa, a duba hanta. Akwai kuma waɗanda ke rage kwaɗayin giyar bayan an daina, irin su naltrexone, in likita ya ga sun dace da kai. Kada ka je kemis ka sayi ƙwayar barci da kanka. Mutane da yawa sun gudu daga kwalba sun faɗa ƙwaya, wasu kuma sun haɗa biyun numfashinsu ya tsaya.

Kai ka ma yi sa'ar gari. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana nan Barnawa, kuma yana da sashen da aka ware don masu fama da giya da ƙwaya. Na san abin da ya zo ranka: asibitin mahaukata, in wani ya gan ni fa? To duk wanda ya gan ka a can, shi ma wani abu ne ya kai shi. In dai Barnawa ta yi maka kusa da idon sani, asibitin koyarwa na Shika a Zariya yana da likitocin wannan fanni, haka na Malam Aminu Kano, haka na Jos. Masu karatu daga wasu wurare, akwai Dawanau a Kano, akwai Kware a Sakkwato, akwai na Maiduguri.

Na daɗe a kan asibiti ne domin shi ne kuma ƙofar farko ta taron da kake nema. A Arewa irin wannan zama ba ya kafa allo a bakin titi, ba a shelarsa a rediyo. Dalilin da ya sa kake tauna kanumfari shi ne dalilin da ya sa su ma suke ɓuya. Wanda ya san inda suke shi ne ma'aikacin da ke sallamar marasa lafiya: nas ɗin sashen, ko masanin halayyar ɗan Adam, ko jami'in walwala. Ka tambaye shi kai tsaye, “Waɗanda kuka sallama, akwai ranar da suke dawowa su zauna tare? In babu a nan, wa kuka sani a gari?” In na farko ya ce bai sani ba, ka tambayi na biyu. Matambayi ba ya ɓata.

Asalin abin daga Amurka ne. A shekarar 1935, a wani gari da ake kira Akron cikin jihar Ohio, wani ɗan kasuwar hannun jari mai suna Bill Wilson ya je harkar kasuwanci ta watse masa. Watanninsa kaɗan da barin giya, ga shi shi kaɗai a otal, ga mashaya a gefe tana kiransa. Sai ya shiga buga waya yana neman a haɗa shi da wani mashayi, kowane ne, ya yi magana da shi. Aka haɗa shi da wani likitan tiyata, Bob Smith, wanda giya ta kusa raba shi da aikinsa. Ka lura, Bill bai je don ya yi wa likitan wa'azi ba, ya je ne don ya tsira da kansa. Daga zaman mutum biyun nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta tsiro, wadda ake taƙaitawa AA, kuma yau tana cikin ƙasashe fiye da ɗari. Sharaɗin shiga ɗaya ne tak: mutum yana son ya daina sha. Babu kuɗin rajista, babu katin shaida, ba a tambayar sunan mahaifi ko wurin aiki.

Shekarun baya na taɓa raka wani ɗan'uwana irin wannan zama, a ranar da suka yarda baƙo ya shiga. Wani ɗan ɗaki ne a bayan wani asibiti, ranar Asabar bayan la'asar, kujerun roba a zagaye, fanka ba ta juyawa. Mu goma sha ɗaya ne har da ni. Akwai tela, akwai tsohon soja, akwai wani mai babbar riga da ka gan shi ka ga mai hali, akwai mace ɗaya. Tun a mota ɗan'uwan nan nawa bai ce mini uffan ba, ya haɗe rai kamar wanda za a kai kotu. Wani ya fara: ya faɗi sunansa na yanka kawai, ya ce shi mashayi ne, yau kwanansa 11. Kowa ya ce masa sannu. Ya ba da labarin yadda yake ɓoye kwalba a cikin tankin ruwan ban-ɗaki, har ranar da mai gyaran famfo ya ciro ta a gaban surukarsa. Ɗakin ya kwashe da dariya, har tsohon sojan nan yana share hawaye yana cewa shi ma nan ce ma'ajiyarsa. Na waiga sai na ga ɗan'uwana yana dariya shi ma, kansa a sunkuye. Ni kaɗai ne ban san wannan ma'ajiya ba. Babu wanda ya katse mai magana, babu wanda ya ce masa ka ji tsoron Allah, babu wanda ya ba shi shawara sai da aka tashi. Awa ɗaya aka yi, aka zagaya da kwano kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa don kuɗin shayi, aka watse.

Wannan dariyar ita ce abin da ni ba zan iya ba ka ba, limaminku ma ba zai iya ba, likita ma haka. Shekara 13 kana ɗauke da kaya kai kaɗai, kana ganin babu munafuki irinka a duniya. Ranar da ka ambaci kanumfari a irin wannan ɗaki, mutum biyar za su gaya maka abin da su suke taunawa. Kuma ba za ka iya yi musu ƙarya ba, don duk ƙaryar da za ka shirya sun riga ka yin ta. Rantsuwarka uku ta karye ne domin daga kai sai kai aka yi ta, kuma har abada ka ɗauka wa kanka. Su ba sa cewa har abada. Cewa suke, yau dai ba zan sha ba, gobe in Allah ya kai mu a sake ɗaura niyya. Sabon zuwa kuma yakan zaɓi wani da ya daɗe da dainawa ya zama jagoransa, wanda zai buga wa waya ƙarfe tara na dare in ƙafa ta fara ja zuwa bariki. Masana ma sun auna abin. A 2020 an tattara bincike 27 da aka yi kan mutum fiye da 10,000, aka ga waɗanda aka haɗa da irin wannan taro suna ɗorewa ba sha daidai da waɗanda aka yi wa sauran hanyoyin nasiha na asibiti, sau da yawa ma fiye da su.

Batun coci. Gaskiya ne waɗanda suka kafa AA Kiristoci ne, kuma a wurare da dama a harabar coci ake ba su aron ɗaki, wasu ma sukan rufe taro da addu'ar Kirista. Amma ƙungiyar ba ta ƙarƙashin wani addini, kuma a matakai 12 da suke bi wajen barin giya cewa suka yi mutum ya miƙa lamarinsa ga Ubangiji kamar yadda shi ya san Shi. In an zo addu'ar da ba taka ba, ka yi shiru ka yi taka a zuci, babu mai ce maka don me. Ni da na duba matakan, abin da na gani ya yi kama da abin da muka sani: mutum ya amsa cewa abu ya fi ƙarfinsa, ya koma ga Allah, ya yi wa kansa hisabi, ya lissafa waɗanda ya zalunta ya mayar musu da haƙƙinsu. Wannan na ƙarshe ai sharaɗin tuba ne. Musulmin Amurka ma sun kafa tasu a birnin Baltimore a 1989, Millati Islami, suka gina matakan a kan Alƙur'ani da hadisi. Wanda kuma bai son a haɗa masa da zancen addini ko kaɗan, akwai SMART Recovery, wadda ta fara a 1994, ita dabarun sarrafa kwaɗayi da tunani take koyarwa. In ka shiga wani taro ka tarar ana jan ka zuwa wata aƙida, ka tashi ka nemi wani, sun saɓa ƙa'idar kansu.

Wani zai ce maka ai an hana Musulmi bayyana zunubin da Allah ya rufa masa. Hanin yana kan mai tashi da safe yana ba da labari don alfahari. Mai faɗa don neman magani hukuncinsa na wanda ya buɗe wa likita jikinsa ne, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Tsoron tonon asiri kuwa, ba zan yi maka alkawarin abin da ba ya hannuna ba. Ƙa'idarsu ita ce wanda ka gani a nan da abin da ka ji a nan, ka bar shi a nan, amma mutane ne, kuma Kaduna ba ta da girman da muke zato. Abin da zan ce shi ne duk wanda ya gan ka a ɗakin, kai ma ka gan shi. Sannan ka auna da inda kake zuwa yanzu. Mai sayar maka da giya ya san fuskarka, masu gadin ƙofar bariki sun san motarka, abokan teburinka sun san ofishinku, kuma babu ɗayansu da ya ɗauki alkawarin rufa maka asiri.

Ƙofa ta biyu ita ce hukumar NDLEA, mai yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi. Yawancinmu kame kawai muka san ta da shi, amma tana da sashen ba da shawara a ofisoshinta na jihohi, kuma tun 2022 ta buɗe layin waya na kyauta da ake samun masu nasiha dare da rana ba tare da ka faɗi sunanka ba. Lambar tana shafinsu. Ka tambaye su ko sun san wata ƙungiyar masu murmurewa kusa da kai. In taron da ka samu na masu barin ƙwaya ne, irin na Narcotics Anonymous, ka shiga abinka, su a wurinsu giya ma ƙwaya ce, kuma a garuruwanmu sau da yawa ɗaki ɗaya ke haɗa mai kodin da mai kwalba.

Ta uku tana aljihunka. Tarukan AA na ido da ido an fi samun su a manyan birane irin su Legas da Abuja, amma tun lokacin korona dubban taruka suka koma Zoom, kuma babu awar da za ka duba ka rasa wanda ake yi a wani yanki na duniya. Ka rubuta “AA online meetings” a Google, jerin zai fito da ranaku da lokuta, sai ka lura da bambancin agogo. Kana iya rufe kyamara, ka sa sunan da ka ga dama, ka zauna cikin mota da abin sauraro a kunne ba ka ce komai ba. Yawancinsu da Turanci ne, wanda kai ba zai gagare ka ba. Kada ka yanke hukunci da zama ɗaya. Su kansu sukan ce a gwada kamar shida, domin kowane taro da irin mutanensa. Sai dai ka yi hattara da rukunonin WhatsApp da ba ka san wanda ya buɗe ba, don lambarka a fili take ga kowa. Ni dai a ganina na waya abin riƙon ƙwarya ne. Mutumin da zai lura ba ka zo ranar Asabar ba, ya tako har ƙofar ofishinku, ya fi mutum ɗari a allo.

Akwai inda ba na so ka je, kuma ba na so danginka su kai ka in magana ta fito. Ka tuna watan Satumba na 2019, da 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Iyaye ne suka kai da yawansu da hannunsu, da kuɗinsu, don a gyara musu tarbiyya. Duk wurin da ke kulle mutum, ko ya nemi kuɗi masu yawa da alkawarin warkarwa cikin kwana kaza, ko ya ce ka zubar da maganin likita, ko ya nemi ya ɗauki bidiyonka kana ba da shaida don a sa a Facebook, ka yi nesa da shi.

To in ka bi duk ƙofofin nan ba ka sami zama a kusa ba fa? Ka koma labarin Akron. Mutum biyu ne. Ka roƙi ma'aikacin asibitin ya tambayi wani da suka sallama, wanda ya yi ko da shekara ɗaya bai sha ba, ko zai yarda ku haɗu. Kada ka ce a ba ka lambarsa, ka ba da taka a miƙa masa. Ku sa rana ɗaya a mako da ba ta canzawa, wuri ɗaya, awa ɗaya, ko da benci ne a harabar asibitin. Sharaɗi uku sun isa: ba a fitar da magana, ba a katse mai magana, ba a wa'azi. In kun yi wata biyu, ku gaya wa nas ɗin cewa duk wanda za a sallama a faɗa masa kuna nan. Kada ka fara da abokin teburinka wai ku daina tare, ranar da ɗaya ya zame zai ja ɗayan.

Saura maiɗakinka. Ka ce a iya saninka babu wanda ya sani. Ƙanena, matar da ta haifa maka 'ya'ya huɗu, take wanke kayanka, take jin numfashinka da dare, kanumfari bai rufe mata komai ba. Na fi zaton ta daɗe tana rufa maka asiri ne, tana kuka ita kaɗai, tana tsoron ta furta. Ba na ce ka tara dangi ba. Ita ɗaya, bayan ka ga likita, don ka zo mata da magana da kuma katin asibiti a hannu, ba rantsuwa ta huɗu ba. Za ka buƙaci wanda zai kwana kusa da kai a kwanakin farko, ya san alamun da in ya gani zai nemi mota. Iyalan mashaya ma suna da nasu taron, Al-Anon, tun 1951, kuma ana samun sa ta waya in tana so.

Kana iya zamewa bayan ka fara, da yawa sun zame. In ta faru, kunya za ta ce maka kada ka koma taron, alhali a ranar ce ka fi buƙatarsa. A zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai sahabin da aka sha kawowa saboda giya, har wani ya gaji ya la'ance shi. Annabi ya hana, ya ce kada ku la'ance shi, domin yana son Allah da Manzonsa. Bai kore shi daga cikin jama'a ba. Ita kanta giyar ba rana ɗaya aka haramta ta ba, sai da aka bi da mutane daga ayar Baƙara zuwa ta Nisa'i kafin ta Ma'ida ta rufe ƙofa.

Albashi ya kusa, kuma ka fi ni sanin abin da ke faruwa a yammacin ranar da ya shigo. Ina so kafin ranar ka riga ka yanki kati. Ka ɗauki izinin rabin yini ranar Litinin, ka ce za ka ga likita, ba ƙarya ka yi ba. Ka tafi da takarda da ka rubuta abin da kake sha a rana, da ƙarfe nawa kake fara kurɓar safe, da abin da ya faru a kwana na biyu na azumi, don in baki ya yi nauyi sai ka miƙa takardar. Kafin ka fito ka yi tambayar nan da na koya maka. Sannan ka sake rubuto mini, ina so in ji abin da suka ce maka game da ranar zaman.